Akwatin Wuta a Ɗakin Shirgi

Rana ta faɗi a bayan tankin ruwan maƙwabta, kuma kamar yadda suka saba, masu wuta suka ɗauke abarsu ana shirin kiran sallar magariba. Fankoki suka yi ta juyi a kasalance har suka tsaya. Gida ɗaya ne a layin bai yi duhu ba, gidan mutumin da ake kira Injiniya, ko da yake shi zanen gine-gine ne sana'arsa. Yana zaune a falo gaban kwamfuta, yana sauraron ƙarar da ke fitowa daga ƙarshen baranda, tit, tit, tit, yana murmushin wanda ya yi wa masu wuta wayo.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

Ya ɗaga kai. Na biyu ya faɗo, ya gangaro a hankali kamar ana jan sa da zare, ya tsaya daidai saman kansa. Ƙarar nan ta yanke. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin.

Abin da ya kai shi sayen akwatin mai ƙarar ba dogon labari ba ne. Wata rana an kawo wuta da ƙarfi, ta ƙona talabijin da firji da tsohuwar kwamfutarsa. Talabijin da firji bai yi musu kuka ba. Amma a cikin kwamfutar akwai faifan ajiya mai ɗauke da duk ginin da ya taɓa zanawa tun yana saurayi, har da waɗanda ake kan ginawa, masu su na kiran waya safe da yamma. Mai gyaran kwamfuta ya ciro faifan, ya kara a kunne, ya ce da sauran numfashi. Sai dai kwashe abin da ke ciki zuwa sabuwar kwamfuta zai ci wuni guda har ya shiga dare, kuma duk lokacin da wuta ta yanke ana cikin kwasa, faifan ƙara mutuwa yake.

Injiniya ba ya sayen abu da ka. Ya zauna ya lissafa abin da kowace na'ura ke ci, sannan ya tafi shagon kayan wuta neman abin da suke kira UPS, akwatin da ke riƙe wuta idan an ɗauke. Mai shago ya fara nuna masa ƙarami.

"Wannan zai ba ka damar kashe kwamfuta cikin mutunci, ranka ya daɗe."

"Ba mutunci na zo saya ba, lokaci na zo saya."

Ya zaɓi babba mai manyan batura, wanda sai da ƙarti biyu suka shigo da shi suna nishi. Matarsa ta dubi abin, ta ji gurnaninsa, ta ce ba dai a falonta ba. Shi ya sa ya kai shi ɗakin shirgi, wani ɗan ɗaki marar taga da tun tarewarsu ba su sa masa komai ba sai karyayyun kujeru da tsohuwar katifa. Ya share ƙura, ya rataya ƙwan fitila mai hasken gaske, ya ja waya zuwa falo.

A magaribar nan ta farko, da ya haska ɗakin da tocila, ya tarar an zare wayar daga jikin akwatin, an naɗe ta tsaf, an ɗora a sama.

"Wa ya shiga ɗakin nan?"

Matarsa tana kicin. Auta, 'yarsu da ta rage a gabansu, tana alwala a tsakar gida. Ya yi faɗan da zai yi. Washegari ya sa aka mai da akwatin shago. Mai shago ya gwada shi a gabansa, ya ce, "Kayanmu lafiya lau, Injiniya. Ko dai gidan za ka kawo mu duba?" Yaran shago suka yi dariya, shi bai yi ba.

Ya dawo ya naɗe bakin wayar da salatif har ya yi kauri. Da magariba wuta ta tafi, ƙarar ta fara, duwatsu suka zubo, kwamfutar ta mutu. Salatif ɗin kuwa an warware shi, an manna a bango a miƙe. Matarsa ta ce a ranar ta ji murya a bayan ƙofar ɗakin shirgi, muryar mace tana lallashin jariri.

"Fankar akwatin ce," in ji shi.

"Baban Auta, na haifi biyar. Na san fanka, na san lallashi."

Abin da ke cin sa shi ne maganar mai gyara, wanda ya sake kara faifan a kunne ya girgiza kai: sau ɗaya ya rage, in aka kuma yankewa sai dai a yi masa addu'a.

A karo na uku Injiniya ya ɗaure wayar da kusoshi, ya sa wa ɗakin kwaɗo, ya jefa mukulli a aljihu. Tun hantsi ya fara kwasar. Wani siririn layi kore yana tafiya a fuskar kwamfutar, tafiyar da sai an ƙura ido ake ganinta. Bai ci abincin kirki ba, bai ɗaga waya ba. Da la'asar layin ya wuce rabi nesa.

Magariba ta zo da shirunta. Wuta ta tafi. Tit, tit, tit. Ya jira dutse, dutse bai faɗo ba. Abin da ya ji shi ne ƙarar faranti a kan siminti.

Auta tana tsaye a ƙofar ɗakin shirgi, farantan da ta ɗauko a warwatse a ƙafafunta. Ta harɗe hannuwa a ƙirji kamar mai rungume da jinjiri, tana jijjiga. Idanunta a buɗe suke amma ba kowa a cikinsu. Uwarta ta taɓa kafaɗarta, ta janye hannu da sauri, don jikin yarinyar sanyi ƙalau kamar randa. Ba ta nemi shawarar mijinta ba, ta ɗauki waya ta kira Malam.

Malam tsoho ne da ya ga irin wannan har ya daina mamaki. Ya shigo bayan an idar da salla, ya cire takalmi, ya zauna a tabarma gaban yarinyar. Ya daɗe yana karatu da murya ƙasa ƙasa, ƙarar akwatin tana ratsa ayoyin. Can jijjigar ta tsaya.

"Wace ce ke?"

Bakin Auta ya buɗe, amma muryar da ta fito ta babbar mace ce, a dushe, muryar wadda ta daɗe ba ta runtsa ba.

"Maƙwabciya ce, Malam. Na riga su zama a ɗakin nan. Ban taɓa ɗaukar musu ko cokali ba."

"To me yarinya ta yi miki?"

"Ba abin da ta yi. Bakinta na ara, tun da ubanta ba ya jin magana sai da baki. Jego nake. Ɗana bai yi barci ba tun da aka kawo wannan shaiɗanin akwati. Da rana gurnani, ga fitila a kanmu kamar muna kasuwa. Da can in an ɗauke wuta mukan samu mu huta. Yanzu lokacin ne ma yake fara kuka, tit, tit, tit. Na zare, na naɗe masa wayarsa da kyau. Ya mayar. Na sake zarewa. Ya kawo kusoshi."

"Jifan fa?"

"Wannan mijina ne. Shi ba shi da haƙuri."

Malam ya gyara zama. "Me kike so?"

"A kashe duk wutar gidan nan, kada a sake kunnawa."

"Kin yi tsada. Mutane ne, ba jemagu ba. Za a fitar da akwatin, a cire ƙwan, a ja miki ƙofa. Ke kuma ki saki yarinya, ki ja wa mijinki kunne, kada ku sake taɓa kowa a gidan nan. In kin saɓa, kin san abin da ban karanta ba tukuna."

Muryar ta ce, "Na yarda. A kashe shi yanzu."

Injiniya, wanda tun ɗazu yake tsaye tsakanin baranda da falo, ido ɗaya a kan 'yarsa ɗaya a kan layin nan kore, ya yi gyaran murya.

"Malam, a roƙe ta. Saura ƙiris. Kafin a yi isha'i ya gama."

Malam ya dube shi, sannan ya juya ga yarinyar. "Kin ji. Aikinsa na shekaru ne. Ki ƙara masa ɗan lokaci."

"Kullum saura ƙiris," in ji muryar. "Ɗana ya yi kuka har muryarsa ta ƙare. Bari ya ji yadda abin yake."

Numfashin Auta ya fara sarƙewa. Ƙirjinta yana ɗagawa amma iska ba ta shiga, sai wani ɗan sauti siriri da ke fita daidai da kowace ƙarar akwatin. Malam ya ɗaga murya da karatu, gumi yana bin gemunsa. Uwar ba ta yi ihu ba. Ta juyo ta kalli mijinta kawai, ta miƙa masa tafin hannu.

"Ba ni mukullin, in kai ba za ka iya ba."

Bai ba ta ba. Ya wuce ta gefensu, ya buɗe kwaɗon. Ɗakin da ya bari da zafin batura ya same shi da sanyi, da wani ƙamshi kamar na jikin jariri. Ya tsaya gaban akwatin da ya zaɓa da kansa, wanda bai taɓa saɓa masa ba ko sau ɗaya. Ya yi bisimilla, ya danna makunnin.

Duhu ya rufe gidan gaba ɗaya. Daga falo aka ji faifan ya yi ƙas, ƙas, ya yi shiru. A kusurwar da tsohuwar katifa take wani abu ya sauke dogon numfashi, irin na jinjirin da barci ya ɗauke a tsakiyar kuka. Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta.

Injiniya ya fito ya ja ƙofar a hankali, yadda ba za ta yi ƙara ba, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango.

"Baba?" Muryar Auta ce, tata ta kanta. "Akwatin naka ya sake lalacewa?"

"A'a," ya ce. "Lafiyarsa ƙalau. Yi magana a hankali."