Marinin da Ba Ya Leƙa Tulu

A wani gari, can da daɗewa, an yi wani marini mai cika baki. Kullum cewa yake, "Ni ba na leƙa tulu. Ruwan ƙarfe da jan gishirin rini, ko ido rufe shuɗi ne!"

To, da gaskiyarsa, in ruwan ƙarfen sabo ne, kore-kore. Amma in ya sha iska ya yi launin tsatsa, ba shuɗi, sai ruwan ƙasa.

Ran nan wani tsoho ya kawo farar rigarsa ɗaya tilo, wadda zai sa ranar sunan jikansa, a rina masa ita shuɗiya.

Ya ce, "Ɗana, tulun ruwan ƙarfen nan a buɗe yake. Ka leƙa kuwa?"

"Baba, ni ba na leƙa tulu!"

Marini ya zuba, ya motsa, ya tsoma. Riga ta fito kamar an ja ta a kwata.

Marini ko gezau. Ya ce, "Baba, ka yi sa'a! Shuɗin Gabas ke nan. Ni kaina irinsa nake nema."

Tsoho ya dubi shuɗiyar rigar da ke jikin marini, ya ce, "Ashe ka samu. Tuɓe taka ka ba ni."