Mai Ƙofar Gareji

Baƙin ciki ya hana Ustad Karamat, kafinta a garin Murree, barci. Duk gyaran da ya yi wa ƙofar wani tsohon gareji, da safe sai ya tarar an sake shi, har ya fi nasa kyau.

Bayan isha'i ya laɓe. Sai ga wani tsoho yana buga ƙusa, amma gudumar ba ta yin ƙara.

"Baba, wane ɗan hassada ya turo ka kan aikina?"

"Aikinka?" in ji tsohon, bai waiwayo ba. "Ni na sassaƙa ta. Ba na son hannun kowa a jikinta."

Ya tura ƙofar, ya shige, ya danna sakata ta ciki.

Karamat ya sandare. Ai da hannunsa ya cire ƙofar nan, ya jingine ta da bangon dutse.