Shafi Biyu Daga Aikin Yaya

A garin Arlit akwai wata yarinya 'yar aji shida. Kai gare ta, sai dai ƙiwa ta yi mata yawa.

Wata Litinin malamin ajinsu, Mushe Alkasum (Mushe ake ce wa malami a can), ya ce kowa ya rubuto labarin mutanen da suka yi aiki a ramin haƙar uraniyom na Akokan, kusa da garin, kafin a rufe shi.

To, yayarta Fa'iza 'yar jami'a ce. Wata biyu ta yi tana bin gidajen Akokan, tana hira da tsofaffin ma'aikata, don aikinta na gama karatu. Ba ta kai wa malamanta ba tukuna. Yarinyar nan ta faki ido ta kwafe shafi biyu, ko ɗigo ba ta canja ba.

Mushe ya karanta, ya ji daɗi ƙwarai.

"Madalla! Ran Alhamis zan sa shi a intanet, a shafin makaranta, da sunanki."

Ta koma gida tana taƙama. Suna cin abincin rana sai Inna ta ce, "Fa'iza, me ya sa kike ta ɓoyon takardun nan?"

"Tsoro nake, Inna. A jami'a akwai na'urar bincike. In ta ga rubutun mutum a intanet da sunan wani, sai a ce sata ya yi. Bara ma an kori wani ɗan ajinmu."

Gaban yarinyar ya faɗi. Ta ajiye lomarta.

"Yaya, ko da shi ya fara rubutawa?"

"Wa zai yarda da shi?"

Ranar Laraba ta zauna a aji tana sa wa malamin ido. Ko Mushe ya taɓa wayarsa, sai ta zata rubutun zai sa. Gobe za a mayar da yayarta ɓarauniya, kuma ita ce sanadi.

Da aka tashi, ta tsaya gaban teburinsa.

"Mushe, don Allah kada ku sa shi. Ba nawa ba ne. Na yayata ne, na kwafe."

Mushe ya ture takardar gefe.

"Sifili kika ci. Amma kin kyauta da kika faɗa kafin gobe. Na ba ki mako ɗaya, ki kawo naki."

A gida ta faɗi gaskiya tana kuka. Fa'iza ta yi fushi sosai, kwana biyu ba ta kula ta ba. A na uku ta ce, "Ɗauko alƙalaminki, malalaciya."

Ta kai ta wurin Baba Attaher, wani tsohon ma'aikaci. Yarinyar ta yi tambaya da bakinta, ta rubuta da hannunta. Maki sha biyu ta samu cikin ashirin, ta dawo gida da gudu tana murna.

Inna ta ce, "Kin gani? Kwafe aikin wani sata ne, kuma mai aikin yake fara cutarwa. Ki riƙa yin naki, ko kaɗan ne."