Abin da Najiba Ta Ƙi Faɗa

Hajiya Kulu ta ture kwandon masarar da take ɓarewa, ta harari matar ɗanta.

— An ga Alhaji a asibitin da kike koyon aiki a Zariya, sashen masu taɓin hankali! Me ya kai shi?

Najiba ta durƙusa. Digiri na biyu take yi, tana koyon warkar da damuwa ta hanyar zama da mutum a saurare shi. Ranar da surukinta Alhaji Maitama ya shigo ɗakin da take ganin marasa lafiya, saura kaɗan ta nutse don kunya. Dokar aiki ta hana duba dangi, sai ta miƙa shi ga malamarta.

— Hajiya, ki gafarce ni. Ko wanda ya zo ban isa in faɗa ba.

— Ka ji ko, Mahadi? Asiri take yi da mijina! Ko ta faɗa, ko ta bar garin nan na Maska!

Mahadi ya bi ta ɗaki, idonsa ya yi ja.

— Haba Najiba, ni ma? Mijinki fa!

— Wallahi ina sonka. Amma in na buɗe baki yau, wa zai sake yarda da ni? Ko malamata ta ji, na gama.

Tana kuka ta haɗa kaya, ta fito da akwati tsakar gida, sai Alhaji ya yi sallama. Mutumin da ko ciwon kai bai taɓa cewa yana yi ba!

— Ajiye akwatin nan, 'yata. Kulu, ni na kai kaina. Tun da 'yan bindiga suka tsare ni a gona, in na ji ƙarar babur jikina rawa yake. Na kasa gaya miki. Jiya na shiga gonar da ƙafata, na tsaya, ban gudu ba.

Hajiya ta riƙe baki, hawaye na zuba. Mahadi kuwa kallon matarsa yake kamar yau ya fara ganinta.

— Aurenki kika saka a kasada saboda Baba? ya ce a hankali.

Hajiya da kanta ta mayar da akwatin ɗaki, sannan ta matso.

— 'Yar nan... ni ma tun lokacin ba na barci. Malamar taku tana duba mata?

Haka ne. Wadda ta yi haƙuri ta riƙe amana, har masu zarginta ita za su kawo wa tasu.