Gurbin Da Dalhatu Ya Bari

Ranar da aka kafe sunaye a bangon ofishin hakimi, Ramlatu ba ta jira Dalhatu ya gama sallama ba ta fito zaure. La'asar ce sakaliya. Ya zo da fara'arsa, har da sabuwar hula, amma yana ganin idanunta murmushin ya tsaya masa.

"Ramla, lafiya? Jikin Baba ne?"

"Baba lafiyarsa ƙalau," ta ce, tana murza bakin mayafinta. "Yaya Shitu ne... bai samu ba."

Wata biyu ke nan da rufe injin matsar man gyaɗa na Rano, a shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai. Mai injin ya kwance ƙarafansa ya kwashe su zuwa Kano, kusa da hanyar jirgi, ya bar mutum sittin da 'yan kai a zaune. A cikinsu akwai Shitu, yayan Ramlatu, akwai kuma Dalhatu, mutumin Durba ta ƙasar Kibiya, wanda ya shekara biyu yana neman aurenta. Iyaye sun riga sun gaisa, kaka kawai ake jira a sa rana.

Da koke ya yi yawa, gwamnati ta turo wani jami'i daga ofishin ƙwadago. Kwana uku ya yi yana gwada mutane karatu da sanin ƙarfe. Ya ce samari goma sha biyu za a kai makarantar koyon sana'a a Kano, su shekara suna koyon gyaran injin ruwa da na mota, ci da kwana duk a kan hukuma, in sun gama a ba su aiki. Dattawa za a tura gonar gwaji su koyi noma da shanu. Sauran kuwa sai haƙuri. Sunan Dalhatu ya fito na huɗu, na Shitu na goma sha uku. Jami'in ya ce idan wani ya janye, na bayansa ne zai shiga.

Wannan maganar ce ta tsaya wa Ramlatu a rai tun safe. Mahaifinsu, Malam Isiyaku, yanar ido ta rufe masa gani, ya daina ba da karatu. Gonarsu ba ta kai su ko tsakiyar rani. Tun da aka rufe injin, Shitu ya koma zaman gida ba aiki, Inna kuma tana daka tana share hawaye da gefen zani don kada a gani.

"Yaya Dalha," ta ce, ba ta ɗago ba, "kai kana da karatu, kuna da gona a Durba. Ko'ina ka je za ka ci abinci. Shi kuwa mu biyar ne a wuyansa."

Ya daɗe yana kallonta kafin ya gane inda ta dosa.

"Kin san abin da kike roƙona kuwa? Gonar Durba mu shida ne a kanta. Da aikin nan nake shirin aurenki, Ramla."

Nan ya kamata ta yi shiru. Daga baya ta sha gaya wa kanta haka. Amma sai ta ɗago ido jage-jage da hawaye ta ce, "In da gaske kana sona kamar yadda kake faɗa..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya cire hular ya juya ta a hannunsa, ya mayar. Ya ce ya ji, zai yi, amma da sharaɗin kada kowa ya sani, domin ya san halin Shitu, in ya ji ba zai karɓa ba. Ta yi masa alkawari. Washegari ya je ya gaya wa jami'in cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya, ba zai iya yin nisa ba. Aka soke sunansa, aka rubuta na Shitu.

Ranar gidansu ya cika da murna. Inna ta yanka kaza, maƙwabta suna ta shigowa barka. Ramlatu ce ta tuƙa tuwon, amma loma ɗaya ta kasa haɗiyewa.

Da kaka ta zo, mutanen Durba suka aiko a sa rana. Malam Isiyaku ya karɓe su da mutunci, ya ce shi bai canza magana ba, amma a ɗan dakata har yaron ya sami abin yi, don ba ya so ya kai 'yarsa inda za ta zama nauyi. Ramlatu tana jin su ta bayan zana. Ta san kalma ɗaya daga bakinta za ta iya juya zancen. Ta tuna alkawari, ta kuma tuna Shitu da ya riga ya yi nisa a karatunsa, ta ja bakinta ta yi shiru. Ita kanta ba ta san ko alkawarin ne ya hana ta ba, ko tsoro.

Dalhatu bai zauna ba. Ya yi dakon buhunan gyaɗa a wajen awo har kaka ta wuce, ya yi kwaɓar ƙasa a wajen magina. Da rani ya tsananta, ya bi wasu 'yan garinsu zuwa haƙar kuza a Bukuru. Ya zo yi mata sallama da rana tsaka, a tsaye, bai ko zauna a tabarmar da ta shimfiɗa ba. Ya ce ta yi masa addu'a, in ya tara abin da zai kama sana'a zai dawo kafin damina. Ta lura bai kira ta Ramla ba, Ramlatu ya ce, kamar kowa.

Da Babbar Sallah Shitu ya zo hutu, ya yi ƙiba, yana ta ba da labarin injuna da sunayensu na Turanci. Da zancen Dalhatu ya taso sai ya taɓe baki. Ya ce shi har yau yana mamakin mutumin da arziki ya zo har ƙofarsa ya sa ƙafa ya shure. Ai ya ji tsohuwar tasa lafiyarta lau, ragwanci ne kawai da tsoron birni. Ramlatu tana tsince shinkafa a faifai. Ta ji shi sarai, amma ba ta ce uffan ba.

Damina ta zo ta wuce, Dalhatu bai dawo ba. Shitu ya gama karatu, aka turo shi Rano yana duba injunan rijiyoyin ƙasar, aka ba shi keke. Gida ya farfaɗo. Ya gyara ɗakin Inna da ya tsage, ya ɗauki Baba ya kai shi asibitin ido a Kano, aka yi masa aiki, ido ɗaya ya buɗe. Ranar da Malam Isiyaku ya ɗauki Alƙur'aninsa ya karanta da kansa, kowa ya yi kukan farin ciki. Ramlatu ma ta yi kuka, sai dai nata a gauraye yake. Duk alherin da ya shigo gidan, ta san daga bakin wa aka cire shi, kuma da hannunta aka cire.

Ana cikin haka labari ya zo ta bakin wani direban babbar mota. Rami ya rufta da mutane a Bukuru, biyu sun rasu. An zaro Dalhatu da rai, amma ƙafarsa ta hagu ta karye wuri biyu, ɗorin kuma bai kama daidai ba. An kawo shi Durba kwana goma da suka wuce, bai aiko wa kowa ba.

Ramlatu ta kwana uku ba ta iya cin abin kirki. Inna ta ɗauka so ne kawai, ta yi ta ba ta haƙuri.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, suna zaune a tsakar gida, Shitu ya kawo maganar. Ya ce shi tausayin Dalhatu yake ji ƙwarai, amma gaskiya ɗaya ce: mutum ba sana'a, yanzu kuma ba ƙafa. Gara a je Durba a yi masa jaje, a kuma roƙe shi cikin mutunci ya sakar wa Ramlatu mara. Ya ƙara da cewa da ya tafi Kano lokacin da aka ba shi dama, da duk wannan bai same shi ba.

"Da ya tafi Kano, Yaya, da kai ne a ramin nan."

Ita kanta ba ta san maganar ta fito ba sai da ta ga kowa ya juyo. Ta durƙusa a gaban mahaifinta, ta faɗi komai tun daga ranar da aka kafe sunaye. Ta faɗi kalmar da ta yi amfani da ita ta ɗaure shi. Ta faɗi yadda ta ji ana ɗaga aurensu ta yi shiru, ta ji ana zaginsa ta yi shiru.

"Ni na karya masa ƙafa, Baba... ni ce."

Inna ta dafe ƙirji tana salati. Malam Isiyaku ya sunkuyar da kai, sannan ya ce ƙaddara ta Allah ce, amma shirun da ta yi nata ne, kuma ba a wajensa za ta nemi gafara ba. Shitu ya ture kwanon gabansa, ya tashi ya ɗauki kekensa ya fita. Sai da magariba ya dawo, idanunsa jajir, washegari da sassafe kuma ya hau mota zuwa Kano.

Ran Lahadi Ramlatu da Inna suka tafi Durba dubiya. Suka tarar da Dalhatu a ƙofar ɗaki a kan tabarma, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, ga sanda a gefensa. Bayan gaisuwa Inna ta shige wajen mahaifiyarsa, ta bar su. Ramlatu ta zauna can gefe. Duk maganar da ta shirya a hanya ta gudu.

"Na karya alkawari," ta ce da ƙyar. "Na gaya musu."

Ya rufe ido ya yi ajiyar zuciya.

"Ka yafe mini, Yaya Dalha. Ko ba za ka aure ni ba, ka yafe mini..."

Ta zaci zai ce ba komai, kamar yadda ya saba. Bai ce haka ba. Ya gaya mata gaskiya, a hankali, yana kallon ƙasa. Ya ce ya ji haushinta, haushi mai tsanani. A Bukuru akwai ranakun da yana cikin laka har gwiwa zai tuna fuskarta ya ji ba ya son sake ganinta. Da ya ji abin da Shitu ke faɗa a kansa, ya jira ya ji an ce ta tanka, bai ji ba, wannan ya fi masa rashin aikin ciwo. Tana saurara hawaye na zuba, ba ta kare kanta ba ko da kalma ɗaya.

"Amma da ƙasar nan ta danne ni," ya ce, "bayan kalmar shahada, ke na tuna. Ba haushin na tuna ba, ke. Kuma ni da bakina na ce to, ba wanda ya sa mini wuƙa." Ya ɗago ya kalle ta. "An ce idon Baba ya buɗe?"

Ta gyaɗa kai.

"To, alhamdu lillahi. Share hawayenki, Ramla."

Bayan kwana huɗu Shitu ya dawo, bai tsaya gida ba ya zarce Durba. Ya tsuguna a gaban Dalhatu, a gaban 'yan'uwansa, ya nemi gafarar abin da bakinsa ya faɗa. Sannan ya ba da labarin abin da ya kai shi Kano. Ya nemo jami'in nan ya zayyana masa komai, har ya ce in ana iya musanya, a karɓi aikinsa a ba mai shi. Jami'in ya ce aiki ba ya musanyuwa, amma za a sake ɗaukar rukuni na biyu daga cikin mutanen injin da suka rage, har da masu koyon gyaran rediyo da agogo, sana'ar da ake yi a zaune. Ya duba tsohuwar takarda ya ga sunan Dalhatu na huɗu, ya ce a gaya masa ya zo bayan wata biyu.

Malam Isiyaku bai jira wata biyun ba. Shi da kansa ya aika Durba ya ce a zo a ɗaura, ya riga ya sa yaron ya jira fiye da kima. Aka ɗaura auren a ƙofar gidansa ran wata Asabar, ba wani taro mai yawa, Shitu ne ya yi ta kai da kawo da tabarmi da goro kamar zai tsage gida biyu.

Ranar da Dalhatu zai tafi Kano, Ramlatu ta rako shi daga ɗaki zuwa zaure, ta riƙe masa ƙullin kayansa. Tafiyar ba ta fi taku ashirin ba, amma sai da ya tsaya sau biyu ya huta. Kowane jan ƙafar da ya yi, tana jinsa a ƙirjinta, ta kuma san haka za ta riƙa jinsa har ƙarshen rayuwarsu. Ya lura da inda idonta yake.

"Daina kallon ƙafar nan, amarya," ya ce yana murmushi. "Ni za ki kalla, wata shida zan yi ba ki gan ni ba kafin a ba mu hutu."

Ta ɗago ta kalle shi, tana dariya tana hawaye, ta miƙa masa kayan.