Mai Kula da Dage

Tana bisa tsani da burushi a hannu, tana rubuta allon keji a gidan namun daji, sai ta tsaya.

"Mellivora capensis? Wannan ɗan guntun ne mai suna kamar na magani?"

"Dage ne," in ji saurayin da ke shara a ƙasa. "Farkon sunan na nufin mai cin zuma. Kar ki raina shi, ko zaki ba ya ja masa da baya."

Ta leƙo ta ga idanunsa, fenti ya ɗiga mata a takalmi.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Zumata, kin bar burushinki. Ba zan bayar ba sai kin zo da kanki."

Ta je, kuma ba ta daina zuwa ba.

Ranar da ya zo gaida Babanta, ko kujera ba a ba shi ba.

"Mai kwashe kashin dabbobi? Ga ɗan abokina likitan haƙori yana jiranki!"

"Baba, ka yi haƙuri. Haƙorana lafiyarsu ƙalau."

Daga ranar wayarsa ta yi shiru. Ta tura masa: "Ashe matsoraci ne kai? Tsawa ɗaya ta kore ka?" Babu amsa. Ta sha kuka, sannan ta share fuska ta nufi kejin don ta faɗa masa a ido. Can aka gaya mata yana asibiti: dagen ya haƙa rami ya fita, ya nufi 'yan makaranta, shi kuwa ya tare shi da hannunsa, dagen ya cije shi.

Tana ba shi ruwa a baki a asibitin Baba ya shigo.

"Tashi mu tafi!"

"Ko na bi ka, Baba, gobe nan zan dawo. Ban taɓa yi maka gardama ba, amma wannan shi nake so."

Baba ya daɗe yana kallon hannun da aka naɗe.

"Da hannu ka tare shi? Ba ka da hankali ne?"

"Yara ne, Baba," in ji saurayin.

Tsohon ya ja kujera ya zauna.

"In an sallame ka, ka turo manyanka. Ku biyun kun dace, duk ba kwa jin magana. Allah ya yi muku albarka."