Uban Aro a Ramin Tagulla

La'asar ta yi sanyi lokacin da Émilienne ta hango allon a gefen hanya. Ƙarshen daminar 1973 ne, ciyawa ta kai wuyan mutum, sun baro Garwa tun azahar a cikin wata tsohuwar mota Fijo.

"André, tsaya! Ka ga abin da aka rubuta? Tsohon ramin tagulla ne aka mayar gidan tarihi. Mu leƙa, in samu abin ba ɗalibaina labari."

André akawu ne a ofishin auduga, mutum mai riga a goge da Faransanci a baki kamar ruwa. Garin Meiganga suka nufa, wurin mahaifinta, tsohon ma'aikacin gwamnati, zai nemi aurenta. Allon nan kuwa ya san shi sarai. Sau nawa yana wuce shi yana kawar da kai!

Ga abin da Émilienne ba ta sani ba. Ya ce mata ubansa tafinta ne, wai shi Hubert, zazzaɓi ya kashe shi. Ƙarya ce tsagwaronta. Ubansa Vondu ne, manomin dawa a gindin duwatsun ƙasar Gidar, mai i'ina, wanda bai taɓa sa takalmi ba. Zamanin aikin tilas aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka kawo shi wannan ramin, lokacin André na shekara biyar ana kiransa Tumba. Ramin ya rufta. Bai koma gida ba.

"Yamma ta yi," in ji André. "Hanya da nisa."

"Haba, minti goma kawai. Ko tsoro kake ji?"

Ta yi dariya. Shi ma ya yi, ya karya kan mota.

Gidan tarihin ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano. Mai gadinsa wani tsoho ne, Malum Kolo, dogo, siriri, goro ya rine masa haƙora. Ya nuna musu diga da shebur da tsatsa ta cinye, da kwanduna, da fitilun ƙarfe jere a kan katako. A bango akwai hoto: Turawa uku zaune da malafa, an rubuta sunayensu a ƙasa, bayansu kuma leburori a tsaye, ba riga, ba suna. André bai yarda ya dubi fuskokin ba. Ya tsaya yana karkaɗe ƙura daga wandonsa.

"Baba, ana shiga ramin?" in ji Émilienne.

"Ana shiga, Madam, har inda ƙasa ta rufta. Amma da ƙa'ida."

Ya kai su bakin ramin. Wata iska mai sanyi na fitowa daga ciki, da warin kashin jemage da na jiƙaƙƙen ƙarfe. Tsohon ya ɗauki guntun ƙarfe ya tsuguna kusa da layin dogon da ake tura tarago a kai.

"Sunanki da na mahaifinki."

"Émilienne, 'yar Gaston."

Ƙwal! Ya buga dogon, ya faɗi sunan da ƙarfi cikin duhun. Sannan ya ɗago ya dubi André.

"Kai fa, ɗana?"

Émilienne na kallonsa tana murmushi. Harshensa ya yi nauyi, amma bakin ya saba da ƙaryar.

"André, ɗan Hubert tafinta."

Ƙwal! Sunan ya tafi cikin ramin, ya daɗe yana tafiya.

Malum ya kunna fitilar ƙwai, ya shige gaba. Sai da suka yi taku kamar arba'in, hasken waje ya koma ɗan tsito a bayansu, Émilienne ta tambayi dalilin ƙa'idar.

"Ai tacewa nake yi," in ji tsohon, murya ƙasa-ƙasa. "Mutum arba'in da uku ƙasa ta rufe a nan, ni ina cikin waɗanda suka fita. Sunayensu duk suna kaina. Har yau kapitansu, wato shugaban lebura, bai sallame su ba, domin ranar ba a tashi aiki ba. Masu canji suke jira. Baƙo ya shiga ya fita lafiya. Amma ɗan ɗayansu in ya shigo, shi ke karɓar diga, uban ya samu ya kwanta. Shi ya sa nake tambaya. Ɗan mai rami ba na barinsa ya wuce ƙofa."

Émilienne ta yi alamar gicciye.

André ya ji, wallahi ya ji kowace kalma. Ƙofa na nan bayansa, taku arba'in kacal. Abin da kawai zai ce shi ne, Baba, ƙarya na yi. To a gaban wa? A gaban 'yar Gaston, da takalminsa mai sheƙi? Kunya ta riƙe masa ƙafa, ta tura shi gaba.

Ramin ya ƙara tsukewa. Bango ya jiƙe, kore-kore kamar tsohuwar tukunyar tagulla. Ruwa na ɗiga. Ɗis. Ɗis.

Igiyar takalminsa ta kwance. Ya sunkuya ya ɗaure.

Da ya ɗago, ba fitila.

"Émilienne?"

Shiru.

Ya miƙa hannu ya taɓa bango. Ɗazu sanyi ne da shi, yanzu ɗumi. Sai wani wari ya buge shi, warin gumin mutane da yawa a wuri ɗaya.

Can ya ji. Tim. Tim. Tim.

Diga ce ke cin dutse. Ba ɗaya ba.

Wani jan haske ya taso a gabansa, mara ƙarfi, kamar garwashi a cikin toka. Ya gan su. Jere suke a jikin bango, ba riga, ƙasa ta manne a jikinsu har ba a gane fata. Suna ɗaga diga suna saukewa. Babu mai nishi. Babu mai numfashi.

Wani ya rabu da bangon ya nufo shi. Kapitan ne, dogo, kansa na gogar rufin ramin, bulalar dorina na jan ƙasa a hannunsa. Inda ya kamata a ga idanu, laka ce.

Ya sunkuyo ya shinshina wuyan André.

"An ce ɗan tafinta," ya yi raɗa. "Ni kuwa warin ƙasar dawa nake ji. Ɗan wa?"

André ya buɗe baki. Abin da fada-fada, limaman coci, suka cire masa da rula a makarantar mishan shekaru ashirin da suka wuce, shi ya dawo.

"Ni-ni-ni... ɗa-ɗa-ɗan..."

Duk digogin suka tsaya cak.

Kapitan ya juya a hankali.

"Vondu. Wannan harshen naka ne. Zo ka duba."

Daga ƙarshen layi wani ya fito. Gajere, kafaɗa ɗaya ta karkace. Yana jan diga, kamar hannunsa ya manne da ƙotar. Ya tsaya dab da André. Saurayi ne, Allah sarki! Bai ma kai André shekaru ba.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya dubi goshinsa, ya dubi kunnuwansa. Leɓensa ya motsa, ba sauti, amma André ya karanta abin da ya faɗa. Tumba.

"Naka ne?" in ji kapita. "In naka ne, miƙa masa diga ka je ka kwanta."

Mutumin ya dubi hannunsa a kan ƙotar. Tafin duk ya tsage. Shekara ashirin da takwas yana riƙe da ita.

"Ba-ba-ba nawa ba ne."

"Duba da kyau."

"Na du-duba. Ɗan ta-tafinta ne. Dubi ta-takalminsa. Ni ina na ga ɗa irin wannan?"

Kapita ya dawo da fuskarsa ta laka dab da ta André.

"Haka ne?"

André ya dubi ubansa. Uban ya gyaɗa masa kai kaɗan, irin yadda ake yi wa yaro in ana so ya shanye magani.

"Haka ne," in ji André. Ko i'ina bai yi ba.

Bulala ta tashi. Tsau! Ba a kansa ta sauka ba.

"To koma aiki."

Mutumin ya juya, ya ja digarsa zuwa ƙarshen layi. Bai waiwayo ba.

Tim. Tim.

André ya kwasa da gudu. Ya buga kai da dutse, ya faɗi, ya yi rarrafe a kan dogo, gwiwoyinsa na saɓulewa. Wani hannu ya damƙe wuyan rigarsa, ya ƙwalla ihu, ashe Malum Kolo ne. Tsohon ya ja shi kamar buhu har waje. Magariba ta riga ta yi, kwaɗi sun fara kuka a fadama.

Émilienne ta durƙusa tana share masa jini da ɗankwalinta, tana kuka. Ta ce sun fi rabin awa suna nemansa a ramin da ba shi da kwana ko ɗaya.

Malum bai taɓa shi ba. Ya ɗaga fitila ya haska fuskarsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "La ilaha illallahu. Kunnuwan nan! Ɗan Vondu ne kai. Kai, yaro, ka cuce ni! Yaya aka yi ka fito?"

A nan, zaune cikin taɓo, André ya faɗi komai. Ya faɗi igiyar da aka ɗaura wa ubansa, ya faɗi Hubert da ya ƙirƙira tun yana makaranta don kada 'ya'yan ma'aikata su yi masa dariya, ya faɗi abin da aka tambaye shi a ƙasa da abin da ya amsa. Bai iya ɗaga ido ba. Ji yake da ma ƙasar ta haɗiye shi, sai kuma ya tuna ta nema, ya ƙi.

Émilienne ta dube shi. Daga baya ta ce, "Da ka gaya mini tun farko, me ka ɗauka zan yi? Kakana ma dutse ya fasa a hanyar jirgin ƙasa."

Wannan ya fi bulala zafi.

An yi auren bayan Kirsimeti. A gaban Gaston da danginsa André ya ce shi Tumba ne ɗan Vondu, da i'ina ya faɗa, domin tun daga ranar nan i'inar ba ta sake barinsa ba. Ba wanda ya yi dariya.

Da rani ya koma ramin shi kaɗai. Malum ya tare ƙofa da jikinsa, ya ce ko taku ɗaya ba zai yi ba. André ya ce ya sani. Ya tsaya a bakin duhun ya haɗa hannu a baki.

"Ba-baba! Ni ne Tumba! Ɗa-ɗanka ne!"

Sau uku ya kira, har muryarsa ta dushe.

"Ba zai amsa ba, ɗana," in ji tsohon. "Yana jin ka. In ya amsa, sun same ka."

André ya durƙusa ya kara kunnensa a kan dogon. Can ƙasa, nesa sosai, ana ta aiki.